Kafin Mu Ce "Halinsa Ne"

Wata Laraba cikin watan Afrilu, ana tsakar zafin nan na Sakkwato da ke sa kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi, wani ɗan kabu-kabu ya zame da wani dattijo kusa da shataletalen Gawon Nama. Ɗan kabu-kabun ya miƙe yana ɗingishi, amma dattijon ya kwanta rigingine, jini na malala daga goshinsa, hularsa ta gangara cikin kwata. Kafin ka ce kwabo an zagaye shi, kuma mun kai mu talatin. Na ce "mun" domin ina cikin masu tsayuwar. Wasu na salati, wasu na cewa a ba shi iska alhali su ne suka tare iskar, samari biyu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Ba wanda ya sunkuya.

Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta keta taron. Ta sauke ƙwaryarta a gefen titi, ta warware gammonta ta danne goshin dattijon da shi, sannan ta ɗago ta nuna ni da yatsa: "Kai mai farar hula, riƙa mani kainai kada ya motsa! Kai mai keke, juyo nan!" Ban san lokacin da na durƙusa ba. Cikin minti biyu hannuwa sun yi wa aikin yawa, wani ya ɗauko hula, wani ya biya kuɗin keke, wani ya shiga don ya raka shi asibiti.

Da dare bayan isha'i na ba da labarin a majalisarmu. Wani dattijon unguwa da dukanmu muke kira Baba ya girgiza kai ya ce, "Wanga zamani zukata sun mutu, ba tausai, ba imani. Kuma hali zanen dutse ne, ba mai kankare shi." Na ce, "Baba, ai har da ni cikin waɗanda suka tsaya kallo." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Kai daban ne, ruɗewa ka yi."

Wannan amsar ce ta hana ni sakat. Ni da ya sani tun ina yaro ya nemo mini uzuri daga yanayin da na tsinci kaina, sauran mutum ashirin da tara da bai sani ba ya yanke musu hukunci daga halinsu, alhali a wuri ɗaya muka tsaya, abu ɗaya kuma muka yi. Ra'ayina shi ne mun mayar da kalmar "halinsa ne" wani alƙali mai gaggawa da ke rufe shari'a kafin a saurari shaidu, kuma muddin muna haka za mu ci gaba da la'antar mutane muna barin tsare-tsaren da ke karkatar da su yadda suke. Hali gaskiya ne, zan kuma zo kansa, amma wurin da mutum ya tsaya da waɗanda suka kewaye shi suna juya aikinsa fiye da yadda muke son yarda.

Abin da ke tsayar da taro cak

Masana ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a sun daɗe da auna abin da ya faru da mu a Gawon Nama. A 1964 aka kashe wata matashiya mai suna Kitty Genovese a birnin New York, jarida kuma ta ruwaito cewa maƙwabta 38 sun gani ko sun ji amma ba wanda ya kai ɗauki. Daga baya an gano cewa an ƙara wa labarin gishiri, sai dai ya riga ya sa wasu masu bincike biyu, John Darley da Bibb Latané, sun tambayi abin da ya dace: shin yawan 'yan kallo ne da kansa ke hana taimako?

A 1968 suka sa ɗalibai ɗaiɗai a ɗakuna suna hira da juna ta na'urar magana, can sai aka ji muryar ɗaya kamar farfaɗiya ta kama shi yana neman agaji. Ɗaliban da suka ɗauka su kaɗai ne ke jin muryar, kashi 85 cikin ɗari sun fito neman taimako kafin muryar ta ɗauke. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji tare da su, kashi 31 kacal suka motsa. Ɗalibai iri ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne yawan kafaɗun da kowa ke ganin nauyin ya rabu a kansu.

Akwai dalili na biyu wanda na fi ganewa, domin shi ya kama ni. Idan abu ya zo ba zato, kowa kan dubi fuskar na kusa da shi don ya gane ko lamarin ya kai a tashi. Da yake kowa na ƙoƙarin kada a ga ruɗewarsa, sai fuskokin duka su nuna natsuwa, kowa ya karanta natsuwar ƙarya a fuskar ɗan'uwansa ya ƙara kafewa. Masanan nan biyu sun gwada wannan da hayaƙi da suka riƙa turawa cikin ɗakin da mutum ke cike takarda. Mai zaune shi kaɗai, uku cikin huɗu sun tashi sun sanar. Da aka zaunar da mutum tare da wasu biyu da aka umarta su yi kamar ba su gani ba, ɗaya cikin goma ne ya tashi, sauran suna tari suna kore hayaƙi da hannu suna ci gaba da rubutu.

Gwajin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne na 1973, wanda Darley da Daniel Batson suka yi a wata makarantar horar da limaman coci a Princeton. An ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya gabatar da jawabi, wasu ma jawabin nasu a kan taimakon wanda aka samu yashe a hanya ne. A kan hanyar aka ajiye mutum a sunkuye yana tari yana nishi. Waɗanda aka ce wa suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya. Waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 ne suka tsaya. Abin da mutum zai je ya yi wa'azi a kai bai yi wani tasirin kirki ba, agogo ne ya yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa gudun kada raka'ar farko ta kuɓuce masa ya wuce makaho na neman mai tsallakar da shi titi ya san wannan ba sai an kai shi Amurka ba.

Mu kuma muna da namu ƙarin dalilin, wato tsoron cewa wanda ya kai mai rauni asibiti shi za a riƙe da tambayoyi ko da biyan kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, amma doka a takarda ba ta cire tsoro daga zuciyar wanda bai taɓa jin labarinta ba.

Idan ni ne, dalili. Idan shi ne, hali

Abin da Baba ya yi yana da suna a wannan fanni. A 1977 Lee Ross ya kira shi babban kuskuren jingina dalili, ma'ana saurin danganta aikin mutum ga halinsa tare da mance yanayin da ya tura shi. Ba Baba kaɗai ke yi ba. Idan na makara zuwa aiki, babur ne ya mutu, ko yaro ne ya kwana da zazzaɓi. Idan abokin aikina ya makara, malalaci ne tun asali. Idan na ɗaga wa mai shago murya da la'asar cikin azumi, ƙishirwa ce da zafi. Idan shi ya ɗaga mini, ba shi da tarbiyya. Dalilin wannan a fili yake: ni ina ganin duk abin da ya kewaye ni, amma idan na dubi wani shi kaɗai nake gani, ba na ganin bashin da ke kansa ko daren da ya yi ba barci.

Misalin da ya fi gamsar da ni ba daga littafi na samo shi ba. A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na ga manyan mutane da rawani da furfura suna ture juna a ƙofar banki, ana fizgar riga ana zagi. Aka kira azahar, mutanen nan dai suka shiga masallacin da ke kusa, suka jeru kafaɗa da kafaɗa, wanda ya zo a makare ya tsaya a baya ba gardama, wani har yana ja da baya don dattijo ya shiga sahun gaba. Wane ne halinsu na gaskiya, na ƙofar banki ko na sahu? A masallaci akwai layi a shimfiɗe, akwai liman da ke cewa a daidaita, kowa ya san ƙa'ida, kuma kowa ya tabbata zai samu wuri. A ƙofar banki ba wanda ya san ko kuɗin zai kai kansa. Kurt Lewin, wanda ake lissafawa cikin iyayen wannan ilimi, ya taƙaita batun tun 1936 da cewa aikin mutum ɗa ne na abu biyu, shi mutumin da kuma muhallinsa. Mu mun riƙe na farko mun saki na biyu.

Gwaje-gwajen da suka fi shahara ma wannan suke nunawa. Solomon Asch a 1951 ya nuna wa mutane layuka ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, abin da yaro ma zai gane, amma da sauran mazauna ɗakin suka haɗa baki suka faɗi amsar banza, kusan uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya. Stanley Milgram a jami'ar Yale ya sa talakawan gari suna danna maɓallin da suka yi imani yana jan wani mutum da lantarki, wani mai rigar aiki na cewa su ci gaba, kuma a sakamakon da ya wallafa a 1963 mutum 26 cikin 40 sun kai maƙura, wato ƙarfin lantarki bolt 450, duk da bugun bangon da suka ji mutumin yana yi. Babu lantarkin gaske a ciki, amma su ba su sani ba.

"To ai mun ga 'yan uwa ciki ɗaya sun bambanta"

Wannan ita ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma mai ƙarfi ce. Kowace uwa ta san cewa cikin 'ya'yanta akwai mai sanyi tun yana goye, akwai wanda ya zo duniya da rigima. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna cewa kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin ɗabi'u tsakanin mutane yana da nasaba da gado. A hadisi ma Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da ɗabi'u biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, kuma a wata ruwaya da ya tambaya ko shi ya koye su, aka ce masa a kansu aka halicce shi. Ba ni da ja a nan.

Masana sun yi ƙoƙarin ƙirga waɗannan ɗabi'u. A 1936 Gordon Allport da wani abokin aikinsa suka bi ƙamus ɗin Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su, kuma bayan shekaru ana tacewa akasarin masu bincike suka tsaya kan manyan ginshiƙai biyar: son sabon abu da bincike, tsare aiki da cika alkawari, sakin jiki cikin jama'a, sauƙin kai da kirki, sai saurin shiga damuwa. Kowa na da rabonsa daga kowanne, wani da yawa wani kaɗan. Kafin su, Sigmund Freud ya raba zuciyar mutum gida uku, mai sha'awa, mai lissafi da mai tsawatarwa. Na sha jin 'yan boko suna cewa wannan shi ne nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna da Alƙur'ani ya ambata, amma a ganina kamar ta sama-sama ce, domin na Alƙur'ani matakai ne da rai ke hawa, na Freud kuwa ɓangarori ne da ke kokawa har mutuwa.

Tambayar dai ita ce, idan ka san halin mutum, yaya ƙarfin hasashenka kan abin da zai yi gobe da hantsi a wani wuri takamaimai? Tun 1928 wasu masu bincike biyu, Hartshorne da May, suka gwada gaskiyar dubban yara 'yan makaranta, suka tarar cewa yaron da ya saci amsa a aji ba lallai ne ya yi ƙarya a gida ko ya yi maguɗi a wasa ba. A 1968 Walter Mischel ya tattara irin waɗannan bincike ya nuna cewa dangantakar da ke tsakanin makin hali da aikin mutum a wani yanayi guda ba ta cika wuce 0.3 ba, a ma'aunin da 1 ke nufin dacewa cif. Wannan ba sifili ba ne, amma ya yi nisa da zanen dutse. Abin da hali ke iya faɗa maka shi ne inda mutum ya fi karkata idan ka tara ayyukansa na shekara, kamar yadda kowa ya san Afrilu wata ne na zafi a Sakkwato amma ba mai iya rantsuwa cewa ranar kaza ba za a yi hadari ba.

Daga baya Mischel ya kawo bayanin da na fi yarda da shi, cewa hali sharaɗi ne: idan kaza ya faru, wane zai yi kaza. Dukanmu mun san mutumin da ke rawar jiki a gaban maigidansa a kasuwa amma ya zama zaki da ya shiga gida, da kuma wanda ba a jin muryarsa a taro amma idan aka taɓa maraya sai an riƙe shi. Kuma hali na tafiya da shekaru, domin binciken da ya bi mutane tsawon rayuwa ya nuna cewa galibi suna ƙara natsuwa da riƙon aiki, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Mu ma mun sani, shi ya sa ake cewa a yi wa yaro aure ya natsu, ko da yake ba kullum maganin ke ci ba.

"Wannan ilimin Turawa ne"

Akwai gaskiya a wannan ma. Wani nazari da ya yi fice a 2010 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaje-gwajen manyan mujallun fannin a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Joan Miller kuma ta nuna a 1984 cewa manya a Indiya sun fi takwarorinsu na Amurka ambaton yanayi idan suna bayanin aikin wani, wato kuskuren da Ross ya raɗa wa suna bai yi ƙarfi ɗaya a ko'ina ba. Don haka ba zan ɗauko alƙaluman ɗaliban Amurka in ce haka za su fito a Mabera ko Runjin Sambo ba.

Amma asalin maganar ba baƙuwa ba ce a garin Shehu. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111 kuma malamanmu na zaure ke karantar da littafinsa Ihya'u har yau, ya yi raddi kai tsaye ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa. Ya ce da haka ne da wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk sun zama aikin banza, kuma ta yaya za a musanta wannan ga ɗan Adam alhali ana horar da shaho da kare da doki? Ya kawo misalin ƙwallon dabino, wanda ba itacen dabino ba ne tukuna, amma idan aka yi masa reno zai zama dabino, kuma duk renon duniya ba zai mayar da shi tuffa ba. Ban ga masanin zamani da ya haɗa gado da tarbiyya a jimla ɗaya fiye da haka ba.

Sai hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya ga nasiha ba, ya umarce shi ya bar garinsu domin mugun wuri ne, ya koma inda ake bautar Allah. Maganin da aka ba shi sauya muhalli ne. Ga kuma misalin zama da mai turare da zama da maƙeri. Hausawa ma da suka ce hali zanen dutse, su ne suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, su ne kuma suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har ma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wato sun lura cewa ɗa kan saɓa wa asalinsa. Kakanninmu sun ajiye mana karin magana a kowane ɓangare, mu ne muke zaɓar wanda ya fi sauƙi idan muna son a tashi daga zance.

"Kana nema wa masu laifi mafita"

Wannan ce hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci, domin idan kowa zai ce yanayi ne ya sa shi, to ɓarawon akuya da ɓarawon biro duk sun tsira. Amsata ita ce bayanin dalili daban, yafe laifi daban. A ɗakin Milgram mutum 14 cikin 40 sun ƙi ci gaba, kuma matsin da ke kansu bai gaza na sauran ba. A Gawon Nama ma mai nono ta tsaya a rana ɗaya da mu. Ban wanke kaina ba. Na tsaya kallo, kuma da dattijon ya cika a wurin da ina da abin amsawa.

Abin da nake cewa shi ne sanin yanayi yana ƙara yawan masu alhaki. Idan ma'aikaci na karɓar na goro kafin ya fito da fayil, laifinsa na nan, amma akwai tambaya ga wanda ya tsara ofis ta yadda takarda ɗaya sai ta bi tebur bakwai, ba a rubuta kuɗinta a bango ba, ba a faɗi ranar da za ta fito ba. Idan ka kore shi ka kawo ustazu ka zaunar a kujerar nan ba ka taɓa tsarin ba, ka dawo bayan shekara biyu ka gani. Mun fi son wa'azi domin ba ya cin kuɗi kuma ba ya taɓa kowa a sama, shi ya sa kowace gwamnati ke da gangamin gyaran ɗabi'a amma layin asibiti bai samu lamba ba.

Gwaje-gwajen nan sun kuma nuna inda mafita take. A wurin Asch, da aka samu mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya, bin taro ya faɗi warwas. A wurin Milgram, da aka sa wasu biyu suka ƙi umarni a gaban mai danna maɓalli, kashi 10 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe. Wani bincike na 2019 da ya duba hotunan kyamarorin titi na rigingimu 219 a Ingila da Holan da Afirka ta Kudu ya tarar cewa a tara cikin goma wani ya shiga tsakani. Taro kan daskare, amma da wuya a rasa mai fasa shi, kuma da ya fasa sauran kan biyo. Abin da mai nono ta yi, wato ta nuna mutum ɗaya ta ba shi aiki ɗaya, shi ne ainihin abin da ake koyarwa a darussan taimakon gaggawa. Ana iya koyar da shi a makarantun allo da na boko da tashoshin kabu-kabu cikin rabin sa'a, tare da lambar 112 da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

Inda kalmar ta fi yin ɓarna

Idan "halinsa ne" ta zama "halinsu ne", a nan take kisa. Henri Tajfel ya raba yaran makaranta a birnin Bristol gida biyu bisa abin da bai kai ya kawo ba, wato wane mai zane suka fi so, kuma a sakamakon da ya fitar a 1971 yaran sun riƙa fifita 'yan rukuninsu wajen rabon lada ko da ba su san su waye ba. Idan wannan ya isa ya raba yara, ina ga harshe da sana'a da jinin da aka zubar?

Mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo sun ɗanɗana azabar 'yan bindiga, kuma ba ni da bakin gaya wa wanda aka kashe wa ɗa yadda zai ji. Amma a cikin birni ina jin waɗanda ba abin da ya same su suna cewa halin Fulani ne, a garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suke kwance a ƙasarsa ko a tarihinsa. Wanda ya faɗi haka ya sauke wa kansa nauyin tambaya kan burtalin da aka nome, da makaman da ke ketaro iyaka, da yaran da suka tashi a daji ba allo ba boko, da shari'ar da ba ta yi wa manomi ko makiyayi adalci ba. Ɗan bindiga mai laifi ne, hukunci ya hau kansa. Matar da ta warware gammonta ta tsayar da jinin dattijon da ba ta sani ba kuma fa, a wane layi za a sa ta?

Haka muke yi wa almajiri. Mun tura yaro ɗan shekara bakwai garin da ba uwa ba uba, ya kwana a soro ya tashi da yunwa, idan ya ɗauki abin wani mu ce halin almajirai ne. Haka malamin aji ke kiran yaro daƙiƙi tun zangon farko, ya mayar da shi benci na baya, ya daina tambayarsa, ƙarshen shekara ya faɗi jarrabawa malam ya ce ai dama na faɗa.

A 1954 Muzafer Sherif ya kai yara 22 wani sansani a Oklahoma ya raba su biyu ya haɗa su gasa, cikin kwanaki suka fara ƙona tutar juna. Zama wuri ɗaya don cin abinci bai sasanta su ba, faɗa ma ya ƙara. Abin da ya sasanta su shi ne lokacin da ruwan sansanin ya yanke da lokacin da motar abinci ta ƙi tashi, dole kowa ya kama igiya aka ja tare. Kakanninmu sun san wannan dabara, ita ce aikin gayya, ita ce kuma wasan taubasantaka da ya sa Bagobiri da Bayarabe ko Bafulatani da Babarbare ke zolayar juna a maimakon zare wuƙa.

Bayan kwana biyu na koma wa Baba da waɗannan bayanai, ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce shi dai bai sauka daga karin maganarsa ba, domin ya ga mutanen da aka kai Makka aka dawo da su ba abin da ya sauya. Na ce haka ne, Baba, ni ma na gani. Can ya tambaye ni ko na san daga wace ruga matar take, yana son a kai mata goro. Ban sani ba. Lokacin da keken ya tashi na waiwaya, na hango ta ta ɗora ƙwaryar a kanta ba gammo, ta dafe ta da hannu ɗaya ta nufi wajen kasuwa.